Abin da za ka saya a shagon unguwa, da abin da sai ka taka zuwa kasuwa

Ranar 28 ga wata ce, bayan sallar isha'i. Albashi ya shigo tun la'asar, sai na biya ta shagon Alhaji da ke bakin layinmu a Badariya don in sauke nauyin da ke kaina. Ya jawo littafinsa, wanda gefensa ya sha manja har ya yi ja, ya lashi yatsa ya buɗe wurin sunana. Shafi biyu da rabi. Sukari ƙulli uku, Maggi, taliya biyu, man gyaɗa rabin kwalba, omo, sukari kuma, madara 'yar leda, mudun shinkafa, biskit, biskit, biskit. Babu abu ɗaya a ciki da zan rantse ba a gidana aka ci shi ba. Da ya haɗa jimilla na tsaya ina kallon lambar, har ya ɗago kai ya ce, "Malam, ko in sake lissahi?" Na ce, "A'a Alhaji, lissafinka daidai ne. Nawa ne ke da gyara."

Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi. Mutum tara ke cin tukunyar gidana, idan an haɗa da Inna da ƙanin matata da ke karatu a wurinmu. A da ban ɗauki cefane wani abin zama a yi tunani a kai ba, abin da ya ƙare a aiki yaro ya karɓo. Sai aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Mu da ke riƙe da leda ba mu jira sanarwa ba. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda na sake tsarin cefanen gidana tun daga wancan dare, da wuraren da na yi tuntuɓe. Ba zan cika ku da farashi ba, don kafin ku karanta ya canza.

Ka fara da sanin cikin gidanka

Wata ɗaya cur kada ka canza komai, rubutu kawai za a yi. Ka sayi ɗan littafi irin na 'yan firamare ka ba uwargida, domin ita ta san abin da ake aiken yara su karɓo bayan ka fita. Duk abin da ya shigo gidan a rubuta sunansa, da yawansa, da inda aka saye shi, da kuɗinsa. Yawan ya fi kuɗin muhimmanci. Farashi na hawa yana sauka, amma cikin gidanka bai cika canzawa ba, sai in an yi baƙi ko an haihu.

Da wata ya cika na gano ban san gidana ba. Ashe buhun shinkafa mai kilo 50 mako bakwai yake yi mana, ni kuwa ina sayen ta mudu-mudu sau goma sha wani abu a wata. Ashe sukarin da muke karɓa ƙulli-ƙulli, in an tara shi, ya fi mudu uku. Ƙulli shi ne ɓarawon da ba ya fasa ƙofa. Mai shago ya sayi buhu, ya sayi leda, ya zauna ya ƙulla, ga hayar shago, ga jiran da zai yi ka biya ƙarshen wata. Duk wannan yana cikin ɗan ƙullin nan, kuma halal ɗinsa ne. Kai ne ya kamata ka tambayi kanka ko kana buƙatar a yi maka wannan hidimar a kan kowane abu.

Uwargida ce ta kawo ma'aunin da muke aiki da shi har yau. Kowane abu a jerin, tambaya ɗaya take yi: zai yi wata uku a ɗaki bai canza ba? Wanda zai yi, na kasuwa ne, a saye shi da yawa lokacin da ya fi sauƙi. Wanda ba zai yi ba, na unguwa ne, a saye shi daidai tukunyar yau. Shinkafa, gero, dawa, masara, wake, manja, man gyaɗa, sukari, gishiri, kuka, busasshen guro, daddawa, tonka, sabulu da omo suka faɗa ɓangaren farko. Alayyafo, sure, ɗanyen tumatir, tarugu, nono, burodi, ƙwai da ɗanyen kifi suka faɗa na biyu. Albasa ta tsaya a tsakiya, za mu zo kanta, don ta taɓa sa ni kuka ba tare da an yanka ta ba.

Shinkafa

Wanda ke zaune a Kebbi yana sayen shinkafa mudu-mudu a shago, kamar mai zaune bakin gulbi ne yana sayen ruwan leda ya yi wanka. A nan ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi na Anchor Borrowers a watan Nuwamba 2015, ga manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi, ga fadamu daga Augie har Suru. Sau biyu ake girbi, na damina wajen ƙarshen shekara, na rani kuma kafin ruwa ya sauka. Waɗannan lokuta biyu su ne na saye. Ka ɗan jira a yi mako biyu ko uku da fara girbi, kasuwa ta cika, sannan ka shiga.

Iri uku za ka tarar. Akwai buhun kamfani, tsaf, ba tsakuwa, a wanke a zuba a tukunya, ita ta fi tsada. Akwai gumi da mata ke turarawa su kai inji su auna a kasuwa, ta fi sauƙi, ta fi auki a ganina, amma sai an rege. Sai kuma shanshera, wadda ba a casa ba, kai za ka nemi mai turarawa, ka shanya, ka kai inji. Ita ce mafi arha a baki, sai dai ka tuna kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin buhun a ɓuntu da dusa zai tafi, ga ladan turara, ga na inji, ga dako sau biyu. Na gwada shekara ɗaya. Na ɗan samu sauƙi, ba zan ɓoye ba, amma Asabar uku ta ci mini. Wanda yake da ɗan'uwa manomi da zai tsaya masa, ya yi. Ni na haƙura.

Tsakanin gumi da ta kamfani kuwa, kada ka yanke hukunci kai kaɗai, don ba kai ke tsugunawa gaban ƙwarya ba. Lokacin da na fara ɗauko gumi ina ta yabon kaina, wata rana na dawo na tarar da uwargida tana rege ta uku, ga jaririya na kuka a baya. Ta ce, "Malam, wannan arhar da kake gani, a ƙuguna take fita." Gaskiya ta faɗa. Yanzu muna ajiye duka biyu: gumi da ta tuwo don ranakun da akwai hannu a gida, ƙaramin buhun kamfani don safiyar makaranta da ranar baƙi.

Idan za ka sayi gumi, ka tura hannu can cikin buhu ka ɗebo daga ƙasa, ba ta saman da aka gyara don ido ba. Ka ciji ƙwaya ɗaya: in ta karye ƙas, ta bushe, in ta lotsa a haƙori, da sauran ruwa, za ta yi fumfuna a ɗaki. Ka shinshina. Wadda aka bari ta daɗe a ruwan jiƙo tana da wani tsami da ba ya fita ko an dafa.

Wake da sauran hatsi

Wake ba ya son a yi masa sakaci. Ka bar shi a buhun banza wata biyu, ka buɗe ka ga gari da ƙwari. Hanyar da ta yi mini aiki ita ce jarka. A shanya waken a rana ya bushe sosai, a bar shi ya huce, a ɗura a busasshiyar jarka har wuya, a girgiza a ƙara, a sa leda a bakin a ɗaure murfi tam. Iska ce ƙwaron ke buƙata, in ya rasa ta ya mutu har da ƙwansa. Sirrin kawai kada a riƙa buɗewa kullum. Shi ya sa na fi son ƙananan jarkoki da yawa a kan babba ɗaya, a buɗe ɗaya a cinye, sauran na rufe. Akwai kuma buhun PICS mai leda biyu a ciki, aikinsu ɗaya da jarka, matuƙar ɓera bai huda shi ba. Abin da ba zan yi ba shi ne zuba maganin ƙwari a abin da 'ya'yana za su ci. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kan haka. A kasuwa ma, waken da ka ji yana warin magani, ko ka ga ko ƙuda ba ya sauka a kansa alhali na maƙwabcinsa na sauka, ka wuce.

Gero da dawa ba su da wannan fitinar sosai, a ɗora buhu a kan katako kada ya taɓa siminti, a nisanta shi da bango.

Sai dai in faɗi wani abu da masu cewa "saya da kaka" ba sa faɗa. Ba kowace shekara ce kaka ke cika alkawari ba. A ƙarshen 2024 na tattara abin da ke hannuna na sayi masara ta shekara, ina jin na yi dabara. Da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka maimakon hawa, har na wayi gari masarar da ke ɗakina ta fi ta kasuwa tsada. Ban yi asarar da 'yan kasuwa masu ɓoye ɗaruruwan buhuna suka yi ba, tunda ci za mu yi, amma kuɗin da na daskarar a buhu da ya biya kuɗin makarantar zango guda ba tare da na ci bashi ba. Tun daga nan na daina sayen na shekara. Na wata huɗu zuwa shida nake saye, kuma ba na cin bashi don in tara abinci.

Albasa da tumatir

Albasar Aliero ba ta buƙatar talla, har kudu ake lodinta. Daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ake cire ta rani, sai ta zama kamar kyauta. Can ƙarshen shekara kuwa, guda uku a faranti sai ka tsaya kana tunani. Duk mai hankali zai ce a saya da yawa a ajiye. Haka na yi. Na ɗauko buhu guda cur, na jingine shi a ɗakin ajiya yadda yake, bakinsa a ɗinke, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Bayan mako uku wari ya fara gaishe mu tun daga zaure. Da muka zazzage, ta tsakiya duk ta narke ta zama ruwa. Inna ta dube ni ta ce, "Kai wa ya ce maka albasa na kwana cikin buhu?" Abin da muka tsira da shi bai kai rabi ba, ka ga na sayi rabin buhu a kuɗin buhu, na ƙara da wankin ɗaki.

Yanzu rabin buhu nake saye, ni da wani abokin aikina mu raba ɗaya. Ina zaɓen matsakaita masu busasshen wuya da ɓawo mai ƙara, don manyan nan masu ruwa su suka fi saurin lalacewa. Ranar da ta iso ake zazzage ta, a baza a kan gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa, a inuwa, inda iska ke ratsawa, kada wata ta hau kan wata. Duk Juma'a yara su bi ta ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fara laushi a kai kicin. Da damina ta kankama laima za ta sa ta tsiro, don haka kafin lokacin uwargida ke yanka wani kaso ta shanya. Busasshiyar albasa ba ta yi wa kwaɗo, amma a miya ba mai ganewa.

Tumatir ma haka labarinsa yake, sai dai shi bai san haƙuri ba ko na kwana uku. Da hunturu zuwa farkon bazara kwando na arha, da damina kuwa sai ka ga ana jera guda huɗu ana kiran kuɗin da ya isa mudun gero. Kada ka sayi kwando da sunan za ka sa a firji, sai in kana da sola. Wutarmu kowa ya san halinta. Hanya biyu ce: ko a yanka a shanya ya zama kauɗa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda, ko a niƙa da tattasai a dafa har ruwan ya ƙone ƙurmus, a soya da mai, a zuba a kwalaben da aka tafasa, mai ya rufe samansa. Na biyun makonni kawai yake yi, kuma duk kwalbar da ta canza wari ko ta yi kumfa a zubar, kada a yi mata tayi. Kauɗa ita ke kai mu damina. Ka lissafa har da itace ko gawayin da za a ƙona, kuma ranar da za ka ɗauko kwando ka tabbata an shirya masa a gida. Na taɓa kawo shi ranar da ake biki a dangin uwargida. Kaji sun gode.

In za ka sayi kwando, ka sa a juye maka shi a wani. Na sama kullum manya ne jajaye. Mai kayan kirki ba ya jin haushin juyewa.

Kuɗin hanya ma kuɗin cefane ne

Nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu, har da ni a da. A ce, misali, mudun shinkafa a shago ya fi na babbar kasuwa da naira 200. Mudu biyar kake so, ka ga ka tsira da 1,000. To kabu-kabu zuwa da dawowa ya ci 800, mai POS ya cire nasa, yaron da ya riƙe maka kaya ka ba shi 100, ka sha ruwan leda biyu, ka ga mai tsire ka tuna da yara. Ka dawo da ciwon kai, ka kashe fiye da wanda ya aiki ɗansa bakin layi da silifas. Amma in mudu arba'in ne, da jarkar mai, da katan ɗin taliya, da sabulun wata, a hawa ɗaya na Keke Napep, lissafin ya juye gaba ɗaya.

Saboda haka sau ɗaya nake shiga babbar kasuwa a wata, Asabar ta farko bayan albashi, da takarda a aljihu. Fita wajen gari kuwa, irin su Jega ko Aliero ko Argungu, sai in mun haɗu mu uku ko huɗu mun raba kuɗin mai, ko kuma wata hidima ta kai ni. Wanda zai je Yauri ta'aziyya ko ɗaurin aure ba ya dawowa ba mu ba shi saƙon bandar kifi ba. Amma in tashi takanas in ƙona mai don buhu ɗaya, ban ga ribar ba.

Nama kuwa watanda ce maganinsa. Mu goma sha biyu ne a makarantarmu, duk wata biyu muke haɗa kuɗi a sayi sa, mahauci ya gyara, a kasa kashi-kashi har kayan ciki da ƙashi, a yi ƙuri'a. Ya fi sayen kilo-kilo nesa ba kusa ba. Matsalarsa ɗaya, nama ne mai yawa a rana ɗaya. A gidana ranar watanda ranar suya ce: a tafasa, a soya ya bushe, a ajiye cikin mansa, ƙashi da kayan ciki a fara da su. Wanda ba shi da wannan shirin, rabin kaso ya ishe shi. Kuma ku sa wanda ya san dabba ya je saye, ba wanda ya fi kowa surutu ba.

A cikin kasuwa

Ka ci abinci kafin ka fita. Mai yunwa komai ya gani sai ya yi masa kyau.

Hatsi da mai da kayan shago, da hantsi nake saye, lokacin 'yan kasuwa sun buɗe, ido na gani sosai. Kayan gwari kuwa in na yau da gobe ne, yamma ta fi, don mai tumatir ba ya son ya kwana da shi. Kada ka saya a rumfar farko. Ka tambayi uku, ka ji bakin kasuwar, sannan ka dawo. In an faɗi kuɗi ka yi tayi da mutunci, in ya ce albarka ka ƙara kaɗan, in ya sake cewa albarka ka yi godiya ka juya. In da sauran magana zai kira ka. Ban yarda da tayin wulaƙanci ba, musamman ga tsofaffin matan da suka taho daga ƙauye da ƙwaryar kuka ko daddawa a ka. Wanda bai iya taya Alhaji mai katan-katan ba, kada ya zo ya nuna ƙwarewa a kan naira hamsin ɗin tsohuwa.

Mudu ba ɗaya ba ne. Na wannan kasuwa daban da na waccan, wani an buga gindinsa ya shige ciki, wani an rage bakinsa. Akwai mai cikawa da tozo, akwai mai shafewa da tafin hannu yana yi maka hira don kada ka duba. Ina da mudun kaina a gida, duk abin da na sayo sai an sake aunawa. Ba don in koma rigima ba, don in san wurin wanda zan koma. A haka na tsaya a kan mutum ɗaya a layin 'yan hatsi, yau shekara biyu ke nan. Wani lokaci kuɗinsa kan ɗara na maƙwabcinsa da ɗan abu kaɗan, amma mudunsa mudu ne, gyararsa da cika hannu, kuma in kaya ba su yi ba zai ce, "Malam, wanga ba naka ba na, dawo wani sati." Wannan kalma ta fi mini ragin naira ɗari.

Manja ka ɗiga a tafin hannu ka murza, ka ɗanɗana. Wanda ja ɗinsa ya yi yawa har yana rina fata ya ƙi fita, akwai algus. Kayan gwangwani da na leda ka duba ranar lalacewarsu, musamman in ka ga an karya kuɗin katan ba dalili.

Kantunan zamani masu sanyi da kwandon turawa, ina shiga, ba zan yi ƙarya ba. Farashi a rubuce, ba tayi, ga rasit, kuma madarar jarirai da man shafawa na fi natsuwa da su a can. Amma an jera kayan ne don ido ya ja hannu. Na shiga sayen abu biyu na fito da tara. Dokata yanzu, ba na shiga da yara, ba na ɗaukar kwando. Abin da hannu biyu ba su riƙe ba, ba a aiko ni shi ba.

Kada ka yar da mai shago

Bayan duk wannan, wani zai zaci na rufe shafina a littafin Alhaji. Ko kusa. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, mutum na da kuɗi a banki yana kwana da yunwa, tiransifa ta ƙi tafiya, 'yan kasuwa suka ce sai tsaba. Mako shida Alhaji na ba gidana kaya yana rubutawa, bai taɓa aiko yaro ya tuna mini ba. Babbar kasuwa ba ta san sunana ba, kantin zamani kuwa ko ashana ba zai ba ni bashi ba. Ɗan abin da yake ɗorawa a kan kaya, har da kuɗin wannan a ciki, da kuɗin buɗewa har ƙarfe goma na dare ranar da baƙi suka sauka ba sanarwa.

Abin da na yi shi ne na rage shafin, na kuma yi masa iyaka. Mun zauna da shi na ce burodi, ƙwai, ashana, da abin da ya yanke ba zato, a bayar. Biskit da alawa da lemon kwalba, sai da kuɗi a hannu, ko da yaro ya ce Baba ne ya ce. Ya yi dariya ya ce, "To ai ka kashe min kasuwa, Malam." Ban kashe ba. Shi nake fara biya ranar albashi kafin in taɓa komai, kuma wani lokacin katan ɗin taliya ma ta hannunsa nake saye, ya sa mini a kayansa daga dila ya ɗora ɗan abu kaɗan, ya hutar da ni dako.

Na san akwai wanda zai karanta wannan ya ce Malam na da albashi ne. Gaskiya ne. Mai kabu-kabu ko lebura da ke samun na yau ya ci yau ba zai sayi buhu ba, kuma shi ne ya fi kowa biyan tsadar ƙulli. Abin da na ga wani maƙwabcina ya yi ya burge ni: bai ce zai tara komai ba, abu ɗaya ya zaɓa. Ya shiga adashen mako, da ya kwasa ya sayi galan ɗin man gyaɗa. Kuɗin ƙullin mai da ya daina fitarwa kullum ya riƙa jefawa a asusu, bayan wata biyu ya sayi sukari da omo na wata. A hankali ya fita daga ƙulli a abubuwa huɗu. Shinkafa har yanzu mudu yake saye.

Wani abu kuma da ba wanda ya gaya mini: abinci in ya yi yawa a ɗaki, hannu na sakewa. Buhun da lissafi ya ce mako bakwai, a karon farko mako biyar ya yi. Mai ɗiba na ganin buhu a cike sai ta ƙara rabin gwangwani, almajiri ya samu, maƙwabta su aiko aron mudu, 'yar'uwa ta zo a ƙulla mata. Ba na hana kyauta, abinci ai da rabon wani a ciki. Amma mun ware ta: duk buhun da aka buɗe, uwargida na cire na bayarwa ta zuba a wani bokiti daban, in ya ƙare ya ƙare. Na ci kuma duk Lahadi ake auno na mako a kai kicin, a rufe ɗakin ajiya. Makulli na hannunta, ba nawa ba. Ni ne ma na fi kowa saurin cewa a ɗebar wa wane.

Azumi shi ke gwada duk wannan tsarin. Tun watan Rajab nake sayen gero, sukari, wake, man gyaɗa da tsamiya, don da Sha'aban ya raba tsakiya kowa ya tuna da su a rana ɗaya, kasuwa kuma ta ji. Dabino ma da wuri, a ɗaure a leda. Ƙwai da kankana da lemo sai dai kullum, a nan bakin titi, a kuɗin da aka ce. Ƙanƙara kuwa ba ta da kaka, ba a shanya ta, ba a taya ta. Ƙarfe biyar da rabi na yamma ƙaramin ɗana ke ɗaukar kula ya tafi gidan mai sola a bayan layinmu ya bi layi, in ya makara mu sha ruwan randa.